NANA ASMA'U 'YAR SHEHU, UWAR 'YAN TARU

Iyayenmu da malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai, a wannan fitowa ta mujallarmu ina so in ba da tarihin wata baiwar Allah wadda kusan kowa ya san sunanta, amma ba kowa ya san aikinta ba. A nan Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye da mu, da wuya mutum ya shiga unguwa bai sami yarinya mai suna Asma'u ba. To, a cikin dukan waɗanda aka taɓa raɗa wa wannan suna a ƙasar Hausa, babu wadda ta kai Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shahara.

Abin da ya sa na zaɓe ta kuwa shi ne wata magana da mukan ji a bakin waɗansu mutane, cewa wai karatun 'ya mace baƙon abu ne, Turawa ne suka zo mana da shi, kuma wai da zarar yarinya ta iya Fatiha da 'yan ƙananan surori to ya ishe ta. Saboda wannan magana ne ake cire waɗansu 'yan'uwanmu mata daga makaranta tun ba su kai ko'ina ba. Ni dai ba ni da ƙarfin jayayya da manya. Iyakata in kawo tarihin wannan mace yadda yake, kowa ya karanta ya yi hukunci da kansa.

ASALINTA DA ƘURUCIYARTA

An haifi Nana Asma'u wajen shekarar 1793 a garin Degel, cikin ƙasar Gobir, inda yanzu ke cikin Jihar Sakkwato. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa sunanta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da sai a kira ta Hassana ko Husaina, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, watau sunan 'yar Sayyadina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abinci a kogo lokacin hijira.

Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta. Gidan da ta tashi a ciki gidan karatu ne gaba da baya. Ƙanen mahaifinta, Shehu Abdullahi, babban malami ne, haka kuma yayanta Muhammadu Bello. Karatun bai tsaya ga maza kaɗai ba, don kuwa mahaifiyar Shehu, Hauwa'u, da kakarsa Ruƙayya, duk an san su da ilmi, haka nan yayar Asma'u mai suna Hadiza. Saboda haka tun Asma'u ba ta yi wayo ba ta buɗe ido ta ga mata riƙe da allo da littafi, ba ta taɓa ɗaukan abin a kan abin mamaki ba.

Shi kansa Shehu bai ɓoye ra'ayinsa game da wannan al'amari ba. A cikin littafinsa mai suna Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su san ko hukuncin tsarki da salla ba, sai dai aikin daka da girki. Ya kan bar mata su halarci wurin wa'azinsa, har waɗansu malamai suka soke shi a kan haka, amma bai fasa ba, domin a ganinsa barin mace cikin jahilci ya fi muni.

Da wannan tarbiyya Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da hadisi da tarihin Annabi da sufanci bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta iya harsuna huɗu: Fillanci, wanda shi ne harshen gidansu, da Hausa, da Larabci, da kuma harshen Abzinawa.

HIJIRA DA SHEKARUN YAƘI

Tana da shekara kamar goma sha ɗaya zaman Degel ya ƙare. Jama'ar Shehu ta yi yawa, har sarakunan Gobir suka fara jin tsoro. Da Yunfa ya hau sarauta al'amari ya ƙara ɓaci, har ya kai ga Shehu da jama'arsa suka bar Degel a watan Fabrairu na shekarar 1804, suka yi hijira zuwa Gudu. Asma'u tana cikin wannan ayari. Abin lura a nan shi ne, a cikin irin wannan tashin gaggawa da kowa ke ta kansa, ba a bar littattafan Shehu a baya ba. An ɗora su a kan raƙuma an tafi da su.

Daga nan sai yaƙi. An yi karo na Tafkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu ta yi nasara. Kafin ƙarshen shekarar kuma aka yi na Tsuntsuwa, inda aka kashe jama'a da yawa, har da mahaddata Alƙur'ani. Bayan takobi ga yunwa, ga zazzaɓi, ga rashin wurin zama. Haka suka yi ta ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan har suka sami zama a Gwandu. Sai a 1808 aka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Yunfa.

Wannan guguwa ba ta bar ƙasarmu ta Kano ba. A shekarar 1807 ne masu jihadi suka rinjayi Sarkin Kano Alwali, ya yiwo nan kudu, ƙarshensa ya kasance a Burumburum. Watau ke nan lokacin da kakannin kakanninmu na Rano ke ganin wannan sauyi da idonsu, Asma'u tana budurwa a can yamma, tana shan irin tata wahalar. Abin da ta gani a waɗannan shekaru bai fita daga zuciyarta ba. Ta ga matan da aka kashe wa maza, ta ga marayu, ta ga waɗanda aka kamo a yaƙi aka raba su da garuruwansu. Wannan ne ya zama tushen aikin da ta yi daga baya.

AURENTA

A cikin shekarar 1807 ɗin nan aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello. Tana da shekara kamar goma sha huɗu a lokacin, bisa al'adar wancan zamani. Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, kuma a can ta yi yawancin rayuwarta. Da Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuma ya zama Wazirinsa.

Gidan Waziri ba ƙaramin gida ba ne. Baƙi ba su yankewa, daga malamai sai manzannin sarakuna. Har Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Birtaniya, Kyaftin Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824, Waziri Giɗaɗo ne ya kula da saukarsa. Asma'u ta haifi 'ya'ya maza, ta yi renonsu, ta kula da wannan babban gida. Ɗaya daga cikin 'ya'yanta, Abdulƙadir, shi ne ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri.

Amma duk da wannan nauyi ba ta ajiye alƙalami ba, mijinta kuma bai ce ta ajiye ba. Shi ma marubuci ne, ya rubuta tarihin Shehu da na Bello. Tare suka yi ƙoƙarin tattara abin da Shehu ya bari don kada ya salwanta. Ya kamata a lura da wannan ƙwarai. Waɗansu sukan kafa hujja da cewa ai ita ma an yi mata aure da wuri. Gaskiya ne. Amma wanda ya faɗi wannan, sai ya cika maganarsa, ya faɗi cewa bayan auren ta yi shekara 57 tana karatu tana karantarwa tana rubutu, har ranar da Allah ya karɓi ranta.

RUBUCE-RUBUCENTA

Abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya haura sittin, yawancinsu waƙoƙi ne, waɗansu kuma zube. A 1820 ta rubuta littafi da Larabci mai suna Tanbihul Gafilina, tana da shekara kamar ashirin da bakwai. Daga nan ta ci gaba har tsufanta.

Tana da dabara wajen zaɓen harshe. In da malamai take magana sai ta rubuta da Larabci. In da 'yan'uwanta Filani ne sai ta yi da Fillanci. In kuwa tana son saƙo ya kai ga kowa da kowa, manomi da ɗan kasuwa da matar ƙauye, sai ta yi da Hausa cikin rubutun ajami. Akwai wata gajeriyar waƙarta da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a ciki, don mai koyo ya riƙe su da sauƙi. Wannan waƙa ta yi ta da Fillanci, ta yi ta da Hausa, ta kuma yi ta da Larabci.

Ta kuma juya waɗansu waƙoƙin mahaifinta daga Fillanci zuwa Hausa. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci da cin haƙƙin talakawa. Ta yi waƙoƙin begen Annabi, da na wa'azi a kan mutuwa da hisabi, da na tarihin jihadi. Ta yi waƙa a kan nasarar da Bello ya yi a yaƙin Gawakuke a 1836. Da ya rasu a Wurno a 1837 ta yi masa waƙar ta'aziyya, inda ta fi ambaton ilminsa da adalcinsa da tausayinsa.

A daidai wannan lokaci ne ta yi waƙar nan da ake kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka. A cikinta ta jero sunayen mata salihai tun daga matan Annabi da 'ya'yansa, zuwa irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, har ta gangaro kan matan gidan Shehu da ta sani da idonta. Manufarta ita ce mace ta ji cewa tana da magabata a fagen ilmi da tsoron Allah. Ashe ke nan rubuta tarihin manyan mata don masu tasowa su yi koyi, irin wanda nake ƙoƙarin yi a wannan shafi, ita ta riga mu farawa da kusan shekara 190.

Wani abin sha'awa kuma, ba manya kaɗai take yi wa ta'aziyya ba. Ta yi wa wata maƙwabciyarta mai suna Halima waƙa saboda kirkinta, ta kuma yi wa wata malama daga cikin almajiranta mai suna Hauwa'u. Sunanta ya kai nesa, har malamai daga ƙasashen waje sun san da ita. Akwai waƙar Larabci da ta yi ta maraba da wani malami da ya zo daga ƙasar Shinƙiɗi, watau Muritaniya ta yanzu.

'YAN TARU

Duk da yawan rubutunta, babban aikin da ya fi ɗaukaka sunanta shi ne na 'Yan Taru. Bayan jihadi ya lafa, an sami ɗimbin mata a ƙauyuka da ribaɗai waɗanda ba su san kome na addini ba. Waɗansunsu a yaƙi aka kamo su. In ciwo ya sami ɗayansu, ko haihuwa ta yi gardama, ba su san inda za su nufa ba sai wurin 'yan bori. Gina musu makaranta a kowane ƙauye ba mai yiwuwa ba ne, takarda kuma tana da tsada, ga shi matan aure masu goyo ba su iya barin gidajensu su yi tafiya mai nisa.

Sai Nana Asma'u ta yi tunani. Wajen ƙarshen zamanin Bello ta fara zaɓen dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga garuruwa dabam-dabam, ta naɗa kowacce shugabar matan garinsu. Irin wannan shugaba ita ake kira jaji, sunan da aka aro daga jagoran ayarin fatake. Alamar naɗin kuwa ita ce malfa da jan rawani da akan naɗa a kanta. Wannan ma hikima ce, domin kuwa a Gobir malfa alama ce ta Inna, shugabar 'yan bori, wadda mata suka saba girmamawa. Asma'u ba ta tsaya zagin abin da mata suka saba da shi ba, sai ta ɗauki alamar ta ɗora ta a kan malama.

Kowace jaji takan tattaro tsofaffin mata da 'yan mata waɗanda ba su yi aure ba, su kamo hanya a ƙasa zuwa Sakkwato. A kwatanta a ce tsohuwa ta taso daga Rurum ko Tarai da ƙafa, da ayarin yara mata a bayanta, ta nufi birnin Kano ba don ciniki ba, ba don biki ba, sai don ɗaukan karatu. In sun iso sai su sauka wurin Nana, ta koya musu waƙa baiti baiti, ta yi musu bayanin ma'anarta, ta amsa tambayoyinsu a kan tsarki da salla da azumi da zaman aure da haƙƙin maƙwabtaka. Sukan zo mata da 'yar tsaraba, kamar hatsi ko zuma ko man shanu, ita kuwa sai ta rarraba wa mabukata.

In sun koma gida sai su bi gida gida suna koya wa matan da ba su sami zuwa ba. A nan ne amfanin waƙa ya bayyana. Mace ko ba ta iya karanta baƙi ko ɗaya ba, tana iya haddace waƙa, ta riƙa rerawa tana kaɗi ko tana niƙa, 'ya'yanta na ji suna ɗauka. Ta haka karatu ya shiga ɗakunan da malami namiji ba shi da ikon shiga. Ban da karantarwa kuma, 'Yan Taru sukan duba marasa lafiya, su taimaki masu haihuwa, su yi wa mata wankan gawa, su sasanta masu faɗa. Saboda irin wannan ɗawainiya ne jama'a suka riƙa kiran Nana Asma'u Uwar Gari.

RASUWARTA DA ABIN DA TA BARI

Nana Asma'u ta rasu a shekarar 1864, tana da shekara saba'in da 'yan kai. An binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato, kusa da mahaifinta. Aikin 'Yan Taru bai mutu da mutuwarta ba, don ƙanwarta Maryam ta karɓe shi ta ci gaba. Wannan Maryam kuwa mu Kanawa muna da rabo a cikinta, domin ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ta zauna a Kano, bayan rasuwarsa ta koma Sakkwato.

Rubuce-rubucen Asma'u sun tsira ne saboda zuriyarta ta gidan Waziri ta adana su, musamman Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997. A wurinsa ne wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a Sakkwato, ta sami takardun, ta fitar da littafin tarihin Asma'u a 1989. A 1997 kuma ita da wata malama 'yar Amurka mai suna Beverly Mack suka tattara ayyukanta a littafi guda tare da fassarar Turanci. Ta haka aka san ta a jami'o'in duniya. A nan gida kuma an sa wa makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata sunanta.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Yanzu sai mu dawo kan maganar da muka fara da ita, mu yi ɗan lissafi. Nana Asma'u ta rasu a 1864. Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba sai a 1903, watau bayan shekara 39. Makarantun boko na 'yan mata kuwa ba a fara buɗe su a Kano da Katsina ba sai wajen 1930. To, in haka ne, yaya za a ce Turawa ne suka kawo mana karatun mata? Tun ba su zo ba akwai mace a ƙasar nan da take rubutu da harsuna uku, ta kuma shirya hanyar kai ilmi ƙauyuka ba tare da mota ko allon bango ko albashi ba.

Wani zai ce ai ita karatun addini ta yi, ba boko ba. Haka ne, ta yi karatun da ake da shi a zamaninta, ta kuma yi shi har ƙarshensa, sa'an nan ta yi amfani da shi wajen biyan bukatar matan zamaninta. Bukatar matan zamaninmu kuwa ba ta ɓuya ga kowa ba. Duk magidancin da ya taɓa kai matarsa asibiti ya san yadda ransa ke so a ce mace ce za ta duba ta. Duk uban da ke da 'ya a makaranta ya fi so a ce malama ce ke koya mata. Likita mace da ungozoma da malama kuwa ba daga sama suke faɗowa ba, daga aji suke fitowa. In kowa ya cire tasa 'yar, ta wa za ta zama likitar?

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, cikin ladabi da girmamawa, su dubi abin da Shehu ya yi wa 'yarsa, da abin da Waziri Giɗaɗo ya yi wa matarsa. Ɗaya ya ba ta karatu, ɗaya kuma bai tare mata hanya ba. Tallan da yarinya za ta yi a kasuwar Rano ko ta Kibiya ribarsa ta yini ɗaya ce, abin da ta koya a aji kuwa har jikokinta za su ci moriyarsa.

Ku kuma 'yan'uwana mata da Allah ya ba ku damar zama a aji, ku tuna cewa Nana Asma'u ba ta riƙe abin da ta sani ita kaɗai ba. Kowaccenku tana da ƙanwa ko maƙwabciya ko ma uwa wadda ba ta sami wannan dama ba. In an yi hutu kun koma gida, ku zaunar da ita ku koya mata ko da rubuta sunanta ne, da karanta takardar magani, da gyara karatun salla. Wadda ta yi haka ta zama jaji a gidansu, ko da ba a ɗora mata malfa ba. Mu maza da ke cikin ɗalibai kuma, gobe mu ne iyaye, mu ne mazan aure, sai mu riƙe wannan tarihi don ranar da hukunci zai zo hannunmu.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta da almajiranta, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya ba mu ilmi mai amfani. Amin.